Ranar da Aka Kawo wa Kujerar Kaka Zarto

Ƙyauren ɗakin girkina ya fara kuka tun da damina ta kankama, wani ɗan ƙiiƙ, ƙiiƙ duk lokacin da iska ta taɓa shi. Yarana sun dame ni a ɗiga masa mai, na hana, ban kuma gaya musu dalili ba. Kai da kake karantawa zan gaya maka. Sak haka kujerar kakanmu take kuka, kuma da na ji sai in koma 'yar shekara bakwai, ƙafa ba takalmi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa.

Kaka, wato mahaifin babanmu, kuku ne a gidan wani Bature a Riruwai, zamanin da ake haƙar kuza. Da aiki ya tsaya Turawa suka tattara nasu ya nasu, shi ma ya dawo gida. An gama yankan dawa ke nan, gari duk ƙamshin sabon kara. Muna wasa a bakin hanya sai ga akori-kura ta tsaya, an ɗaure wani abu a samanta ƙafafu sama. Muka bi masu ɗauke da shi a guje har ƙofar gida muna ihu, ba mu ma san abin da muke wa murna ba.

Da aka dire shi a ƙofar zaure sai kowa ya yi cirko-cirko. Kujera ce dai, baƙin katako mai sheƙi, da hannaye biyu da dogon baya mai saƙa. Amma ƙafafunta huɗu ba su taɓa ƙasa ba, a kan wasu lanƙwasassun itatuwa biyu suke tsaye, kamar bakan maharbi. Iska ta ɗan kaɗa, sai kujera ta sunkuya ta gaishe mu, ba kowa a kanta. Wallahi wasu matan sai da suka ja da baya.

Mai unguwa aka fara bai wa, don girmansa. Ya tattara babbar riga ya zauna da ƙarfinsa yadda ya saba. Kujera ta tafi da shi baya, ƙafafu suka yi sama, hula ta yi nata wuri, bawan Allah sai salati yake. Mu yara dariya har da birgima. Da ya samu ya sauka, ya kakkaɓe riga, ya dubi Kaka cikin tausayi ya ce Turawan nan ba su kyauta ba, mutum ya yi musu aiki shekara da shekaru su sallame shi da karyayyar kujera. Tun daga ranar sunanta ya zama Mai-gyangyaɗi.

Kaka ko a jikinsa. Ya ce haka aka yi ta. Matar Baturen ce ta gaje ta wajen kakarta, kuma a can ƙasarsu a irinta mata ke zama su lallashi jarirai, tunda ba su iya goyo ba. Ta hau jirgin ruwa, ta hau na ƙasa, ta hau mota, ta fi duk dattawan ƙauyenmu ganin duniya. "Shekara ashirin ina goge ta kullum safiya," in ji shi, "ban taɓa zama a kanta ba sai ranar da motarsu ta ɓace a kwana."

Mu kuwa jikoki ba mu jira ko kwana ashirin ba. Da Kaka ya fita masallaci sai mu ɗare ta mu uku, mu yi ta tuƙi, yau za mu Kano, gobe Makka. Ta taɓa take mini ɗan yatsa har farce ya fita, na haɗiye kukan don kada a hana mu hawa. Kaka ya sani sarai. Ni yake tsokana, irin wasan kaka da jika, wai wace irin amarya ce wannan da miji na fita sai ta haye masa gado. Shi kansa ba ya daɗewa a kanta, don mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. In ba ya gona yana kasuwa, in ba ya kasuwa ya tafi gaisuwa wani ƙauyen a ƙasa.

A damina ta biyu, ana tsakiyar noma, ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Wata biyu yana kwance a tabarma. A juya shi, a ba shi kunu a baki, a goge masa fuska, har ƙuda sai an kore masa. Ba abin da ya fi ba ni tsoro irin idanunsa, don ba ya kallon kowa, rufin ɗaki kawai. In na tsokane shi ma ba ya waiwayowa.

Wata safiya rana ta fito bayan kwana uku ana ruwa, Iya, matarsa, ta ce a fito da shimfiɗa a shanya. Aka rasa inda za a ajiye shi, sai aka ɗora shi a Mai-gyangyaɗi ƙarƙashin rumfa, kowa ya kama harkarsa. Ina tsugune ina ɓarar gyaɗa na ga babban yatsan ƙafarsa ta hagu ya danna ƙasa. Kujera ta tafi baya, ta dawo. Ya tsaya kamar mai sauraro. Ya sake dannawa. Na ɗaga kai, sai na ga ni yake kallo, ɓarin bakinsa mai lafiya yana rawa. Na watsar da gyaɗar na ruga cikin gida ina faɗin Kaka yana tafiya, Kaka yana tafiya da kansa. Na sha ranƙwashi wajen innata don na tsorata mutane, ban ma ji zafinsa ba saboda murna.

Daga ranar ya fara cin abinci sosai. In yana so ya ce i, sai ya kaɗa sau ɗaya. In ransa ya ɓaci, ya yi ta kaɗawa da sauri har kaji su watse. Sai ran nan ya yi ƙarfi da yawa, ya zame ta gaba ya faɗi, haɓarsa ta fashe.

Baffa, yayan babanmu, shi ne babba a gidan, kuma ba wanda ya kai shi son Kaka. Da hannunsa ya wanke jinin. Da ya gama ya ce gobe kafinta zai zo ya yanke lanƙwasassun itatuwan nan, kujera ta zauna daram kamar kowace kujera. Kowa ya ce hakan ya yi. Na je na raɗa wa innata cewa in aka yanke Kaka zai koma kallon rufi, ta ce in rufe mata baki, ina yarinya ina maganar manya.

Da hantsi kafinta ya iso a keke, zarto ɗaure a baya. Ya durƙusa ya gaida Kaka, Baffa ya sunkuya zai ɗaga shi. Kaka ya damƙe hannun kujera da hannunsa mai lafiya, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa. Baffa ya ce, "Baba, yi haƙuri, don lafiyarka ne." Kaka ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai yawu. Sai ya sa yatsan nan a ƙasa ya fara kaɗawa, da sauri, da sauri, idonsa a kan zarton.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baffa, komai yi masa ake. Wannan kaɗai yake yi da kansa." Ban taɓa mayar wa Baffa magana ba sai ranar. Kafinta ya tsuguna ya daɗe yana kallon yatsan da ƙasa, sannan ya ajiye zarton a gefe ya ce shi dai bai ga abin da ya lalace a nan ba.

Baffa ya ce to in ya sake faɗuwa fa? Iya ta shiga ɗaki ta fito da tsohon majanyinta, wanda ta goyi su Baffa da shi. Ta zagaya shi ta ƙirjin Kaka, ta ɗaure tamau a bayan kujera, ta ce, "'Ya'yanka bakwai na goya da wannan, ba wanda ya faɗi. Kai ne na takwas." Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Kaka, muka firgita, ashe dariya ce. Baffa ya juya mana baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Kafinta bai koma hannu rabbana ba, ya auna kujerar da igiya ya tafi. Bayan 'yan watanni ya fara kawo irinta kasuwa da farin katako, amma nasa in ka kaɗa sai su riƙa tafiya da kai gefe har ka iske bango. Kaka ya yi shekara huɗu a tasa kafin Allah ya karɓi abinsa. Ita ma daga baya gara ta gama da ita.

Yanzu a Kano akwai su kala-kala, na ƙarfe da katifa, na roba, har da masu wuta da za ka danna maɓalli su yi ta lilo da kai kana kwance. Baffa ya tsufa, ƙafafu sun ƙi, mu ne yau muke juya shi muna ba shi kunu. Bara ɗana ya ce zai sayo masa mai maɓallin, don kada ya wahala. Baffa ya girgiza kai ya ce a nemo masa wadda sai ya taɓa ƙasa. Da ɗana ya fita, ya kira ni kusa, ya riƙe hannuna ya ce, "Kin san ranar nan saura kaɗan in yanke wa ubana ƙafar da ta rage masa? Kuma wallahi gani nake taimakonsa nake yi."

Na ce masa na sani, ina wurin. Na janye kofin ruwan da na ɗauko zan kai masa baki, na sa masa a hannu.