Takardar da ta ce Hudaifa yana ji

A Kwaya kowa ya san Huraira mai ƙuli-ƙuli. Darni ɗaya ne tsakanin gidana da nata, shekara goma sha biyu ina tashi da ƙarar turminta. Mace ce mai haƙurin da har haushi yake ba ni, irin wadda za ka taka ta, ita ta ce maka sannu. Mijinta Wakili manomin gero da gyaɗa ne, mutum mai magana ɗaya.

Hudaifa ne ɗanta na fari, saboda haka kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, ko ta ce "kai". Amma duk mai ido ya san nan ranta yake.

Yaron tun yana rarrafe ba ya zama wuri ɗaya. Ya kwance jakin liman, ya kifar mata da kaskon mai har sau biyu. Ka yi masa faɗa ya ce to, kafin ka juya baya ya koma. In ta doke shi sai ya rungume ƙafarta yana kuka yana cewa ya daina, kuma wallahi har zuciyarsa yake faɗa. An sa shi lakol, makarantar boko, wata uku malamin ya koro shi, wai ya hana aji sakat. Unguwa duka muka yanke hukunci cewa yaron nan ba ya ji, ni ce ma mai babban baki a ciki. An yi rubutu, an yi turare, bulala kuwa ba a magana.

Yana da shekara takwas ya yi wasa da ashana, rumbun maƙwabci ya kama wuta. Wakili ya ce magana ta ƙare, zai kai shi gidan mari a tsallaken iyaka, wurin wani malami mai sa wa kangararrun yara ƙarfe a ƙafa. Ranar na fara jin Huraira ta musa wa mijinta. Ta ce ta taɓa ji a rediyo akwai yaran da ciwo ne ke hana su natsuwa, ya bar ta ta kai shi likita tukuna.

"Je ki," in ji Wakili. "In likita ya ce ciwo ne, ya zauna. In ba haka ba, kar ki sake yi min maganar."

Ta hau kabu-kabu da shi har asibitin Magaria. Ma'aikaciyar da ta tarar baƙuwa ce, kwanan nan aka turo ta daga yamma, Hausarta ba ta nuna ba, ga layi har bakin ƙofa. Ta tambayi abin da ke damun yaron. Huraira ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba ya ji." Matar ta haska kunnuwansa da tocila, ta tafa hannu a bayansa, ya waiwayo firgigit. Ta rubuta layi biyu da Faransanci ta miƙo. Huraira ta ƙulle takardar a bakin zane kamar laya, ta dawo da murnarta.

Wakili ya kai wa malamin lakol ya karanta. Malamin ya ce an rubuta kunnuwan yaron lafiya lau, yana ji sarai.

"To kin ji," Wakili ya ce mata. "Yana ji. Da gangan yake yi."

"Malam, ai ba kunne na kai ba," ta ce wa mijin nata.

"Likita dai ya yi magana."

Kwana uku bayan haka ya ɗora shi kan babur suka tafi.

Daga baya na tambayi wani ɗan'uwana mai aikin lafiya a Damagaram. Ya ce abin gaskiya ne, akwai yaran da hankalinsu ba ya tsayawa, ba shaiɗanci ba ne, duka kuma ƙara lalata su yake. Sai dai masanansa kaɗan ne, suna nesa. Na ji kunyar bakina ƙwarai. Da na gaya wa Huraira, sai ta ci gaba da matsar tunkuza.

Bayan kaka Wakili ya yarda ta je ganinsa, ni na raka ta. Muka same shi zaune a gindin katanga, ƙarfe a ƙafa, ya rame, hannuwansa a kan gwiwa. Yaron da ba ya minti ɗaya a zaune. Malamin ya tarbe mu da fara'a.

"Alhamdu lillahi," ya ce, "yanzu kam yana ji."

Huraira ta durƙusa gabansa ta buɗe ƙullin ƙuli-ƙulin da ta kawo.

"Kai," ta ce a hankali.

Bai motsa ba. Sai ta ajiye kunyar nan ta shekara takwas a gaban maza, ta ce, "Hudaifa."

Sau uku ta kira shi, bai ɗago kai ba.