Rumfar da Lefteris Ya Yi wa Taga

Shekara hamsin Lefteris yana gini a ƙauyukan tsaunin tsibirin Kirit, kuma taurin kansa ya fi na duwatsun da yake sassaƙa. Ranar da malamin makaranta ya ce masa duniya a karkace take, shi ya sa rana ke hawa can sama lokacin zafi ta sauko ƙasa-ƙasa lokacin sanyi, sai ya ce, "A karkace? To, shi ya sa duk wanda ya fito shagon giyar Manusos yake tangaɗi." Aka yi dariya. Amma abin da malam ya karanta, shi ya daɗe da gani a jikin bango.

Da sanyin ƙashi ya kwantar da matarsa Argiro, ya gina mata ɗaki mai babbar taga ta kudu, ya ɗora wa tagar rumfa mai tsawo. Ya gama a watan Yuni, lokacin zafi a can. Ko ɗigon rana bai shiga ba.

"Tsoho, kabari ka gina min?" in ji Argiro.

"Ki jira Disamba."

Ɗansu Sifis bai ga abin jira ba. Ya ce, "Baba, in na zo Kirsimeti na tarar da ɗakin nan duhu, da Mama zan koma birnin Atina. Gidana akwai ɗumi."

Lefteris ya daka masa tsawa. Da ido ya auna rumfar, kuma idon ba na da ba ne. Tsoro ya kama shi sosai, don bai taɓa kwana a gidan nan babu ita ba.

A Satumba, da dare da yini suka zo daidai, haske ya taka bakin tagar. Kullum da azahar Lefteris yakan leƙa ɗakin, wai sandarsa yake nema. A Nuwamba hasken ya kai tsakiyar ɗaki, sai gajimare ya rufe sama har kusan mako uku.

Ranar da Sifis ya iso gari ya washe. Ya shiga da akwati a hannu, ya tarar da rana ta haye gadon har kan gwiwoyin uwarsa.

"Mama, kin shirya?"

"Matsa gefe, kana tare min rana."

Lefteris yana bakin ƙofa. Ya nemi dakali ya zauna.