Na Ƙi Amurka Bayan Baba Ya Yanka Rago

Shekarun baya, da na gama bautar ƙasa, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Wuse da ke girka janareta da manyan na'urorin sanyaya ɗaki a ofisoshi. Injiniyancin makanikal na karanta a jami'a, amma hankalina ba ya kan janareta. So nake in yi digiri na biyu a fannin ƙera jiragen sama da na sararin samaniya. In ma za a bi ta tawa, injin roka nake so in taɓa da hannuna. Duk ranar da na yi zancen a wurin aiki, sai ogana ya yi dariya ya ce, "To madam roka, a fara gama mana janaretan hawa na uku tukuna."

Shekarar farko da na nemi gurbin karatu, manyan jami'o'in da kowa ya san sunansu kawai na aika wa. Ina ganin kamar jirana suke yi. Ɗaya bayan ɗaya suka amso, kowacce da ladabinta, kowacce tana cewa a'a. Har na ƙware, daga layin farko na saƙo na san ƙarshensa.

Mu biyu ne mata a kamfanin, ni da wata ƙawata 'yar Ushafa. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Da shekara ta zagayo zan sake nema, na nuna mata bayanin da na rubuta wa jami'o'in game da kaina, wanda na buɗe da cewa tun ina ƙarama nake kallon taurari ina mafarki. Ta karanta, ta turo mini wayata.

"Kai, wannan kallon sama kowa ya yi shi," in ji ta. "Ni ma na yi. Ina aikin da ka yi a Garki? Shi ka ɓoye?"

Aikin da take nufi, wani ƙaton janareta ne da aka ɗora a saman bene, in ya tashi sai duk hawan ya ɗauki rawa, har kofin shayi na tafiya da kansa a kan tebur. Ni na auna jijjigar, na zana masa sabon mazauni na roba da sifirin, ya lafa. Ban taɓa tunanin wani farfesa zai damu da wannan ba. Na dai ji maganarta, na share taurarin, na rubuta labarin janareta. Ita ce kuma ta matsa mini in ƙara da wata jami'a a Japan, a wani gari da sai da na duba taswira kafin na san inda yake. Na saka su ne kawai don ta bar ni in huta.

Su ne suka fara kirana intabiyu ta bidiyo. Na ari ofishin ogana, na rufe taga saboda hon ɗin tasi. Farfesan, wani dattijo mai magana a hankali, bai tambaye ni komai game da taurari ba. Janareta ya riƙe. Da me na auna? Me ya sa na zaɓi sifirin ban tsaya a roba kaɗai ba? Daga ƙarshe ya ce su ƙananan taurarin ɗan adam suke ƙerawa, kuma babbar matsalarsu ita ce jijjigar da tauraro ke sha a cikin roka kafin ya isa sama. Ba da jimawa ba suka ba ni gurbi da tallafin karatu. Na ji daɗi, amma sama-sama.

Sai ga saƙon Amurka. Babbar jami'a, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi ni bara, ta karɓe ni, ita ma da cikakken tallafi. Ihun da na yi ranar, sai da maigadin ofishinmu ya hawo da gudu.

Mahaifina kwanon rufi yake sayarwa a kasuwar Dei-Dei. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Mamana yake kirana. Lokacin da na ce injiniyanci zan karanta, ƙannensa sun ce ba karatun mace ba ne, shi kaɗai ya tsaya mini. Da labarin Amurka ya iso shi, bai jira komai ba. Ya sayi rago, aka yi walima a gidanmu a Kubwa, liman ya yi addu'a. Kafin mako ya zagayo, tun daga masu katako har dillalan shanu, babu wanda bai san 'yar Alhaji za ta tafi Amurka ƙera roka ba. Japan kuwa ko ambatonta ba a yi ba, ni ma na manta da ita.

Abin da ya juya lamarin ƙarami ne. Rigar sanyi nake so in sani, wace iri zan saya. Aka haɗa ni da wani ɗan Ghana da ke gama karatunsa a sashen da zan shiga. Muka yi zancen sanyi da gidan haya, sai daɗin hira ya kwashe ni na ce masa na ƙagu in shiga ɗakin gwajin injin roka da na gani a shafinsu.

Sai ya ce, "'Yar'uwa, fasfon wace ƙasa gare ki?"

"Najeriya mana."

"To ba za ki shiga ɗakin nan ba. Ni ma ban taɓa shiga ba, kullum ta ƙofarsa nake wucewa."

Ya yi mini bayani cewa dokar ƙasar ce. Irin waɗannan injina ana lissafa su cikin fasahar da ta shafi makamai, don haka aikin da ake yi a ɗakin na 'yan ƙasa ne kawai. Ya ce karatun aji zan same shi mai kyau, babu mai tauye ni, kuma akwai wasu ayyukan. Shi nasa duk a kwamfuta yake yi, kuma bai yi nadama ba. "Amma in taɓawa kike so ki yi, gara ki sani tun yanzu."

Ban yarda ba. Na rubuta wa malamin da ke kula da ɗakin, ya amsa mini ba ɓoye-ɓoye cewa haka abin yake.

A ranar na tuna da Japan. Na nemi wata ɗaliba a can, 'yar Nepal, ta kira ni ta bidiyo daga cikin ɗakin aikinsu, sanye da farar riga da safar hannu. Ta juya wayar ta nuna mini wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce girman burodi ba, wayoyi sun fito ta gefensa. "Wannan ne tauraronmu," ta ce. "Mu ke haɗa shi, mu ke gwada shi. In ya mutu a sama, mu za a tambaya."

Ba roka ba ce, wannan na sani. Ko ina na je, rokar da na ɗora wa rai ba zan same ta ba. Abin da ya rage shi ne in zaɓa tsakanin babban suna da ƙofa a rufe, ko ƙaramin suna da aiki a hannuna. Na yi istihara, na yi ta juya abin, kuma kullum zuciyata wurin ɗan akwatin nan take komawa. Jami'o'in biyu suna jiran amsata zuwa Juma'a. Ni kuma na san ba inda zan je ba da yardar Baba ba.

Na same shi a shago da rana, ana sauke kwano daga tirela. Tun daga bakin layi ake ce mini, "Ba'amurkiya, sannu da zuwa!" Kowace gaisuwa sai in ji kamar an ɗora mini bulo a ka. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni, tun daga rigar sanyi har zuwa ɗan akwatin.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Mamana, Amurka fa kika ce za ki bari."

"Eh, Baba."

"Ki tafi wurin abin da bai fi burodi ba."

"Eh, Baba."

"Ragon da na yanka fa? Mutanen nan da suka ci suka yi addu'a, in ce musu me?"

Ya juya ya daka wa masu sauke kaya tsawa a kan abin da ba laifinsu ba, sannan ya ce in tashi in tafi gida.

Kwanakin da suka biyo baya, in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya wuce. Mahaifiyata ce ke ba ni haƙuri. "Ba da ke yake fushi ba, kunyar kasuwa yake ji," ta ce. Ita damuwarta daban ce. So take ta san ko ana samun naman halal a can, kuma ko gaskiya ne ɗanyen kifi suke ci.

Ranar Alhamis da safe ina shirin fita aiki, ya aiko a kira ni. Yana zaune a tsakar gida yana shan koko. Ya nuna mini tabarma na zauna.

"Kin san kafin in fara sayar da kwano yaron mota ne ni?"

Na ce na sani.

"Abin da ba ki sani ba, maigidana na farko shi ya fi kowa manyan motoci a garinmu. In na ce wurinsa nake, har kujera ake ba ni. Ni ke wanke mota, ni ke ɗaure kaya, ni ke kwana a ƙarƙashinta. Amma sitiyari sai 'ya'yansa. Na daɗe a wurin ina cin suna, ban iya ko ribas ba. Wani mai tsohuwar akori-kura ne ya koya mini tuƙi, motar da sai an tura take tashi." Ya kurɓi kokonsa. "Tun ranar da kika zo shago na tuna da wannan. Haushin ragona ne ya hana ni faɗa."

Dariya da kuka suka zo mini tare.

"Je ki amsa wa mutanen Japan," ya ce. "Allah Ya yi miki albarka. 'Yan kasuwa ki bar ni da su."

Daga baya ƙanensa ya ba ni labarin yadda Baba ya yi da su. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ai Amurka sun neme ta, ta duba, ta ga ba su yi mata ba."

Ba zan ce Japan ta zo da sauƙi ba. Watannin farko na sha shinkafa da ƙwai har na gaji, kuma sau da yawa nakan hau jirgin ƙasan da ba nawa ba saboda ban iya karanta allo ba. Aka ba ni alhakin gangar jikin tauraronmu da gwajin jijjiga. A gwajin farko, muna kallo ta gilashi, maƙalin eriyar da na zana ya karye. Na so ƙasa ta tsage in shige. Farfesa ya ɗauki guntun ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "Madalla. Gara nan da can sama." Na sake zanawa, na sake gwadawa, har ya jure.

Bayan an harba shi, muka taru a ɗakin da ake sauraronsa da rediyo, muna jiran ya wuce ta samanmu karo na farko. Yamma ce a can, hantsi a Abuja. Da farko shuuu kawai muke ji. Can sai ga wata 'yar ƙara siririya, ƙit-ƙit, ƙit-ƙit-ƙit. Yana raye. 'Yar Nepal ɗin nan ta rungume ni har muka kusa faɗuwa. Na kira gida, na kara wayar a jikin lasifika.

"Mene ne wannan kamar kukan gyare?" in ji Baba.

"Shi ne, Baba. Daga sama yake magana."

Na ji Mama a bayansa tana ta hamdala. Da ya sake magana, muryarsa ta canza. "To ki ce masa muna ji," ya ce.

Yanzu na dawo Abuja, a wannan fannin nake aiki. Matasa kan turo mini sunayen jami'o'in da suka karɓe su, su ce in zaɓa musu. Ba na zaɓa wa kowa. Tambaya ɗaya nake yi: ka yi magana da wanda ke zaune a can yanzu? Ba na cewa babban suna ba shi da amfani, ɗan Ghanan nan ma ya yi nisa a nasa aikin. Ni dai na san abin da nake so, kuma saura kaɗan tafi da guɗa su sa in manta.

Tauraron namu ya gama wa'adinsa tuni. Ya yi ta saukowa a hankali har ya shigo iska ya ƙone ƙurmus, kamar yadda aka tsara masa. Ranar da aka sanar da mu na ɗauka zan yi baƙin ciki, sai na tsinci kaina ina murmushi a cikin tasi. Ya tashi, ya yi aikinsa, ya ƙare, kuma har ya ƙone babu sukurun da na ɗaure da ya kwance.