Abin da na rubuta a kan Baba mai fayil

Shekarar da sojoji suka koma bariki na shiga karatun gaba da digiri, fannin sarrafa bayanan kamfani da kwamfuta. Kasuwanci na karanta tun farko, kuma a lokacin ina zaune a Unguwar Mu'azu, ina ji da kaina sosai.

Da aka zo aikin bincike, sai na zaɓi wata masaƙa a Kakuri. Aka haɗa ni da wani dattijo mutumin Filato, wanda ke kula da fayil-fayil na ma'aikata. Kowa Baba yake ce masa. Mako uku ina zuwa, yana buɗe mini kabad yana nuna mini yadda takarda ke tafiya daga ofis zuwa ofis. In rana ta yi, ya turo mini kwanon tuwon accarsa mu ci tare.

A babi na huɗu na rahoton binciken, na rubuta cewa babbar matsalar kamfanin ita ce tsofaffin ma'aikata marasa ilimin zamani, masu tsoron kwamfuta, na kuma ba da misali da mai kula da fayil. Ban taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan kwamfuta ba. A littafi na ga ana faɗin haka, na ɗauka na ɗora masa. Malamaina suka yaba, na ci da maki mai kyau.

Baba ya roƙi in ara masa kwafi. Na kai masa, a raina ina cewa ba zai karanta ba. Bayan mako guda na koma karɓa, na tarar ya bi shi da fensir shafi-shafi, har Turancina ya gyara.

Ya buɗe babi na huɗu ya ce, "Malam, wannan ni ne?"

Na ce, "Baba, ai magana ce ta gaba ɗaya."

"Mai kula da fayil a nan mutum ɗaya ne."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da kwafin wasiƙu uku da ya rubuta wa manaja yana roƙon a sayo wa ofishin kwamfuta. A ƙarƙashinsu akwai takardar shaidar koyon kwamfuta daga wani ajin yamma a Barnawa. Ya ce kullum in an tashi aiki can yake zarcewa, wata shida.

"Da ka tambaye ni, da na nuna maka," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba.

Na rasa inda zan sa idona. Na ce zan gyara, amma ban gyara ba, don an riga an ajiye kwafi a laburaren makaranta, ni kuma na ji nauyin zuwa in faɗa wa malamaina gaskiya.

Sau ɗaya na ƙara ganinsa, a bakin titin Romi, yana jiran mota da Littafi Mai Tsarki a hannu. Ina cikin bas kusa da taga. Na sunkuyar da kai har muka wuce.