Anti Rowa, Mai Ajiye Ragowar Tsiron Hanci

Kafin likitoci su iso ta riga ta kunna injin yanka, ta narka kaki, ta jera gilasai. Aikinta a ɗakin gwajin asibiti shi ne ta karɓi naman da aka ciro a tiyata, ta daskarar da shi cikin kaki, ta yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, ta ɗora a gilashi, ta rina, likita ya duba a madubin ƙara girma. A wannan watan take ritaya, kuma ban ga dalilin da zai sa ta tafi shiru ba.

Anti Rowa ake ce mata, ta kuwa ci sunan. Komai ƙanƙantar nama ba ta yanka shi duka, sai ta bar ragowa. In an yi mata tsiya, ta ce na mai shi ne.

Bara aka ciro wa wani tsohon direba tsiro a hanci, wanda ya daɗe da hana shi jin ƙamshi. Da ƙyar ya farfaɗo daga allurar barci, don zuciyarsa ba ta da ƙarfi. A lokacin masu bincike na kwatanta tsiron hanci da naman hanci mai lafiya, suna neman alamomin ƙwayoyin asali, waɗanda jiki ke sabunta kansa da su. Direba ya yarda a ba su nasa. Suka so duka, ta ba su rabonsu, ta ajiye saura. Shugabarsu ta yi dariya ta ce hali dai ba ya canjawa.

Sai ga wani gilashi ya nuna abin da ya tayar wa likita hankali. Ko ciwon daji ne, ko rini ne ya taru, ba a tantancewa sai da wani naman. Wani naman kuwa yana nufin wata tiyatar, ga zuciyar direba a haka. 'Yarsa ta zauna bakin ƙofa ta kasa ko kuka.

Anti Rowa ta ɗauko ragowar, ta yanka a tsanake, ta rina. Likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce tsiro ne kawai. Ranar ta ce ba ta taɓa jin daɗin sunanta haka ba.

Ke ce kika riƙa tuna cewa kowane ɗan nama yana da mai shi, alhali ba ki taɓa ganin fuskarsa ba. Mun gode, Anti. Masu gadon kujerarki su gaji rowar nan, don Allah.

Da direba ya warware, 'yarsa ta kawo shi godiya. Yana shiga ɗakin ya toshe hanci.

"Baiwar Allah, a cikin wannan warin kike wuni?"

"Ka ji shi, Baba?" in ji Anti Rowa.

Ya saki hancin, ya sake shaƙa. "Wallahi na ji shi."