Fatar Cinya a Kafaɗa

Ƙullutun ya fito mini a kafaɗar dama a shekarun da kuɗin fetur suka sa kowa a Daura yana rufin kwano. Kamar ƙwayar gyaɗa yake, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, na fara haɗa baƙi da wasali, ina ganin ba abin da ya shige mini duhu. Na dube shi na yanke hukunci: maruru ne mai taurin kai, kuma na fi shi.

Na kira wanzamin unguwarmu ya yi mini sakiya. Ya gasa ƙarfe ya soka, ko ɗigon mugunya babu. Ya ce, "Gwaggo, wannan ba aikina ba ne." Na ce, "Tsoro dai kake ji, yanke." Ya yanke. Kafin wata damina abin ya dawo, ya gayyato 'yan'uwansa, har ɗaga taɓarya ya fara yi mini wuya. Ni kuwa da dakan fura nake ci da 'ya'yana.

Asibitinmu suka tura ni babban asibiti a Zariya. Aka gutsuri naman aka auna, likita ya ce ciwon dajin fata ne, irin wanda ba a cika gani ba. Ya ɗauki biro ya zana mini da'ira a kafaɗa.

Na ce, "Likita, abu kamar goro za ka yanke mini faifai guda? Rage."

Ya ce, "Mama, nan ba kasuwar Mai'adua ba ce."

"Ko rabi."

"Kin taɓa nome ciyawar kirikiri? Haka saiwarsa take yaɗo a ƙarƙashi. In na bar guda, zuwa na gaba hannun zan cire."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa barin ciniki da wuri haka ba. Na ce ya ƙara faɗin ma in yana so.

Ramin da suka bari ya fi ƙarfin ɗinki, sai suka yanko fata daga cinyata suka yi faci. Hannu ya tsira, na koma turmina. Amma ni da na ƙare rayuwata ina zagin 'yanmata kan ɗage zani, ga ni ina daka a tsakar gida da ɗaurin ƙirji, cinyata a kafaɗa, duk wadda ta shigo sayen fura sai ta ƙare mata kallo.