Ƙoƙon da Ke Rataye a Ɗakin Kaka

Ranar wata Juma'a da hantsi, a daminar da na shiga aji uku, Inna ta haifi ƙanwata Saratu a ƙauyenmu da ke bayan Gummi. Ni aka aika in kawo ruwan zafi, shi ya sa na ga abin da ba a so yaro ya gani. Jaririyar tana kwance a kan zane, ba ta kuka, hanjinta duk a waje kusa da cibiya, jajur, yana sheƙi yana motsi a hankali kamar shi ma numfashi yake yi. Gwaggo Hajo ungozoma ta matso. Ta ɗauko sabon ƙoƙo ta kife a kan cikin, ta ɗaure da tsumma, Baba ya goya Gwaggo da jaririyar a babur, daga Gummi kuma mota ta wuce da su babban asibiti a Sakkwato.

Tun kafin ƙarar babur ɗin ta ɓace Kaka, mahaifiyar Baba, ta yanki farin ƙyalle. "Wagga ɗiya ba zama ta zo yi ba," in ji ta. Kaka ba muguwa ba ce, ta dai binne jarirai da yawa, kuma ba ta son mutuwa ta same ta ba shiri. Da Baba ya leƙo gida ya dawo da ƙoƙon, sai ta ninke likkafanin ta saka a ciki, ta rataye a ragayar ɗakinta.

Aka yi suna babu jaririya. An yanka rago, an raɗa suna, mata sun cika tsakar gida, amma babu guɗa, babu mai cewa a miƙo ta in gani. Har yau ban halarci zaman da ya ba ni tsoro irin wannan ba, don ban san ko barka ake yi ko ta'aziyya ba.

Sai da aka fara yankan gero suka dawo da ita, 'yar firit, da ɗinki a ciki. Da ta girma sai ga ciki sumul, tabo ne kawai, babu cibiya. In mun je wanki gulbi yara su yi ta leƙenta, suna cewa ba haihuwarta aka yi ba, a gindin tsamiya aka tsinto ta. Saratu kuwa ja'ira ce. Sai ta ɗaga riga ta zare ido ta ce mutanenta na nan tafe, kowa ya watse ya bar mana dutsen wanki. Ni dariya nake yi, amma in aka aike ni ɗakin Kaka ɗebo dawa, ba na yarda in ɗaga kai. Ƙoƙon yana lilo a ragaya ko babu iska, ko kuwa ni ce nake ganin haka.

Saratu ba ta iya cin tuwo da yawa, kuma lokaci-lokaci cikinta ya murɗe har ta yi amai kore. Sau ɗaya sai da aka sake yi mata aiki. Duk ranar da ciwon ya tashi, gidan ya yi tsit, in ga Kaka ta saci kallon ragaya. Na tsani wannan kallon. Inna ta sha roƙo a jefar da ƙyallen, Kaka ta ce, "Da sunanta anka yanke shi, ba ni taɓa shi."

Yanzu a rediyo ma ana bayanin irin wannan haihuwa, ana cewa a rufe cikin da abu mai tsabta a garzaya asibiti. Kaka ta rasu, ɗakinta ya zama na ajiyar taki. Saratu na aure a Bukkuyum, kuma duk fargabar da muka sha da cikinta na fari, ta sauka lafiya. Bara da muke kwashe kayan ɗakin, ita da kanta ta sauko da ƙoƙon, ta warware ƙyallen a kan hannunta. Bai ko kai mata kafaɗa ba.

"Wanga ne kunka aje mani?" ta ce, ta yi dariya.

Ta tafi da ƙyallen, da shi take tace kamun koko. Na so a ce Kaka tana nan ta sha kokon.